Ciwon Kai a Masaukin Kan Tsauni: Tsayin Wuri ne ko Gubar Murhu?

A ƙananan masaukan kan tsauni, irin waɗanda ke ba da wurin kwana da karin kumallo, ba baƙon abu ba ne mutum ya tashi da safe da ciwon kai da tashin zuciya da kasala. Kowa a gidan ya riga ya san abin da zai ce: tsayin wurin ne, jiki bai saba ba tukuna. Galibi gaskiya ne. Sai dai akwai wata guba da ke zuwa da alamomin nan sak, wato iskar kabon monoksaid da wuta ke fitarwa idan ba ta sami isasshiyar iska ba. Ciwon tsayi da hutu ake maganinsa. Mai gubar murhu kuwa, idan aka ce ya koma ɗaki ya huta, an mayar da shi ne wurin da ke kashe shi. An tsara lamarin da ke tafe bisa yadda wannan ruɗani ya saba faruwa, ba tare da sunan gida ko na mutum ba, don a bi shi daki-daki a ga inda aka kauce.

Gidan da baƙinsa

Ginin dutse ne a tsayin mita 2,800 daga doron teku, mai ɗakunan baƙi shida. Huɗu suna sabon sashe, ana ɗumama su da ruwan zafi mai zagayawa cikin bututu daga tukunyar da ke wani ɗaki a waje. Biyu suna tsohon sashe, kowanne da murhun ƙarfe na itace mai ƙofar gilashi, da bututun hayaƙi da ya fasa rufi ya fita. Su baƙi suka fi nema, don sha'awar kallon wuta daga kan gado. Mace ɗaya ke tafiyar da masaukin, da wani saurayi mai taimaka mata.

Baƙin su huɗu ne: miji da mata masu kimanin shekara 40, da yayan matar, da ɗansa mai shekara 16. Duk lafiyarsu ƙalau, babu mai shan taba a cikinsu. Sun kama kwana uku. Daga kwari mai tsayin mita 600 suka taso, suka hau a mota cikin awa huɗu ba su yada zango ko'ina ba. Ma'auratan suka ɗauki ɗakin murhu, uba da ɗa suka shiga sabon sashe.

Hawan mita 2,200 a yini guda ba ƙaramin sauyi ba ne. Zafin iska na raguwa da kimanin digiri 6.5 a kowace mita 1,000, don haka wanda ya bar kwari a digiri 24 zai tarar da kusan 10 a sama, da dare kuma ya sauka ƙasa da sifili. Matsin iska a wannan tsayi bai wuce kashi 72 cikin ɗari na wanda ke bakin teku ba. Kason oksijin yana nan yadda yake, kashi 21, amma kowane numfashi guda bai kai kashi uku cikin huɗu na abin da huhu ya saba samu ba.  Wannan ƙaranci bai tsaya kan mutum kaɗai ba. Wutar murhu ita ma da oksijin take ci, kuma iskar da ta yi wa huhu kaɗan ta yi mata kaɗan.

Daren farko da wayewar gari

Da ƙarfe shida na yamma mai masaukin ta hura musu wuta da kanta, da busasshen itacen da take ajiyewa a rumfa. Ta nuna musu kwandon itace, ta ce su ƙara idan sun ji sanyi, ta tafi. Ba ta yi musu bayanin maɓallin iska da ke ƙasan murhun ba, balle faifan ƙarfen da ke cikin bututu wanda ake juyawa a rage zuƙar hayaƙi. Wajen ƙarfe goma mijin ya ƙara itace biyu, ya rufe maɓallin iska rabi don wutar ta daɗe. Ta yi ta ci sama-sama har ta mutu bayan tsakar dare, sanyi ya tashe su kafin asuba.

A teburin karin kumallo mutum uku suka yi kukan ciwon kai: miji, da mata, da yayanta. Yaron ne kaɗai garau. Mai masaukin ta ba su shawarar da take ba kowa: su sha ruwa sosai, su sha farasitamol, kada su hau ko'ina yau, su guji barasa da maganin barci. Ga mai ciwon tsayi wannan shawara ce mai kyau, kuma tana da hujjar zaton haka. A jihar Kolorado ta Amurka, kusan ɗaya cikin huɗu na baƙin da ke kwana sama da mita 2,450 na samun wannan ciwo. Yakan fara ne awa 6 zuwa 12 bayan isa, kuma ya fi tsanani da safe, saboda numfashi na raguwa cikin barci.

Likitocin tsauni na da ma'aunin da aka tsara a Tafkin Luwis na Kanada a 1991, aka sabunta shi a 2018. Abu huɗu ake dubawa: ciwon kai, tashin zuciya ko rashin cin abinci, kasala, da jiri, kowanne daga maki 0 zuwa 3. Wanda ya hau tsayi kwanan nan, yana da ciwon kai, kuma jimillarsa ta kai 3, ana ɗaukarsa mai ciwon tsayi. Da an auna baƙin nan uku a safiyar, da duk sun cika sharaɗin. Amma ma'aunin bai san murhu ba. Mai gubar kabon monoksaid zai ci maki iri ɗaya, domin alamomin nan huɗu su ne nasa shi ma.

Bambancin ya fito fili a cikin yinin, ba wanda ya kula. Ma'auratan sun fita sun zaga gefen gidan a hankali, kafin awa biyu kansu ya saki sarai, suka ci abincin rana da daɗi. Yayan matar ya fita tare da su, amma nasa ciwon bai tafi ba, hasali ma da suka hau wani ɗan tudu sai ya ƙaru, abinci kuma bai shige shi ba. Da la'asar ma'auratan suka koma ɗaki, suka hura wuta, suka ɗan kishingiɗa, suka tashi kan ya sake ɗaurewa.

Ruwa ba ya tsami banza. Ciwon tsayi mutum yake bi: yana tare da shi a ɗaki da waje, motsa jiki na ƙara shi, kuma ba ya gushewa don an leƙa tsakar gida, tunda tsakar gidan ma a mita 2,800 take. Ciwon murhu ɗaki yake bi: yana kama duk masu kwana a ciki lokaci guda, ya yi sauƙi idan an fita, ya dawo idan an koma. Tambayoyin da ya kamata a yi a teburin nan gajeru ne: su wa ke ciwo, a wane ɗaki suka kwana, me ke ci da wuta a ɗakin, kuma yaya suke ji idan sun fita? Farasitamol ya taimaka wajen rufe al'amarin, domin kowa ya ɗauka maganin ne ya yi aiki.

Dare na biyu

Mijin ya ƙudurta cewa sanyi ba zai sake tashinsu ba. Itacen kwando ƙanana ne masu saurin cinyewa, sai ya fita ya ɗauko manyan gungume uku daga tulin da ke bayan gida, waɗanda ba a daɗe da sarewa ba. Ya cika murhun da su da ƙarfe goma sha ɗaya. Da suka fara kamawa ya rufe maɓallin iska gaba ɗaya, ya juya faifan bututu kusan rufewa. A bango kusa da ƙasa akwai wata kafa mai raga da sanyi ke shigowa ta cikinta, ya danna matashi a wurin, ya kuma cusa tawul a ƙasan ƙofa. Matar ta bar fitilar banɗaki a kunne don ganin hanya da dare, fankar da ke zuƙe iskar banɗakin kuwa a haɗe take da makunnin fitilar. Babu ko ɗaya cikin abubuwan nan da za a kira wauta. Abin da duk mai jin sanyi zai yi ke nan idan ba a gaya masa ba.

Wajen ƙarfe huɗu na asuba amai ya tashi matar. Kanta na sara, ƙafafunta ba ƙarfi. Ta girgiza mijin, da ƙyar ya buɗe ido, maganarsa ba kan gado. Da dafa bango ta isa sabon sashe ta buga wa yayanta ƙofa, shi kuma ya taso mai masaukin.

Abu na farko da mai masaukin ta yi shi ne maƙala wa mijin na'urar auna oksijin a yatsa. Ta nuna 94. A wannan tsayi, inda lafiyayyen baƙo kan nuna 90 ko sama da haka kaɗan, lambar ta yi kyau, kuma ta kusa kwantar mata da hankali. Wannan ne tarko mafi haɗari a duk lamarin. Na'urar yatsa ta gama-gari da haske kala biyu take aiki, kuma ba ta iya bambance jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki kabon monoksaid, duka biyun a matsayin oksijin take ƙirga su. Kabon monoksaid na kama himogulobin, sinadarin jan jini mai dakon oksijin, da ƙarfin da ya ninka na oksijin sama da sau 200, sannan ya hana ɗan oksijin da ya rage sauka ga gaɓoɓi. Mutum na iya kasancewa a bakin mutuwa na'urar tana nuna lamba mai daɗin gani.

Ta kuma yi tunanin kumburin ƙwaƙwalwa da tsayi ke haddasawa, wanda alamarsa ruɗewa ce da tangaɗi. Amma da wuya a gan shi ƙasa da mita 3,000, yawanci kuma sai ciwon tsayi ya yi ta tsananta kafin ya kai nan, ba ya kuma kama mutum biyu a gado ɗaya a sa'a ɗaya. Abin da ya farkar da ita shi ne ɗakin kansa. Gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, babu harshen wuta a bayansa, raɓa ta jiƙa gilashin taga, ga wani warin hayaƙi mai tsami. Kabon monoksaid ba shi da wari ko launi, amma hayaƙin da ke rakiyarsa yana da shi.

Daga nan ta yi abin da ya dace, kuma a jeren da ya dace. Ta buɗe ƙofa da taga, ita da saurayin suka fitar da mijin zuwa ɗakin cin abinci na sabon sashe, ba su tsaya taɓa murhun ba. Suka lulluɓe su biyun da barguna, suka kwantar da mijin a kan gefensa saboda amai. Tana da tukunyar oksijin guda mai lita 680 da abin rufe hanci da baki mai jaka, ta sa wa mijin a kan lita 15 a minti, wanda ke nufin minti 45 kacal take da shi. Ta kira motar asibiti, aka shirya haɗuwa a rabin hanya. Saurayin ne ya ja motar, domin ya san kwanonin hanyar.  

A asibiti

An ɗibi jininsu awa biyu da rabi bayan fitarsu daga ɗakin. Na mijin ya nuna kashi 10 na himogulobin ɗinsa na ɗauke da gubar, na matar 11. Wanda ba ya shan taba bai kamata ya wuce kashi 3 ba. Mai karanta lambobin kawai zai ce gubar ba ta yi yawa ba, kuma matar ta fi mijin shaƙa. Duka biyun kuskure ne. A iskar gari jiki na ɗaukar awa huɗu zuwa biyar kafin ya zubar da rabin gubar, da tsantsar oksijin kuwa awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mijin ya yi kusan awa biyu a kan oksijin, matar sai da aka haɗu da motar asibiti ta samu. Idan aka yi lissafi baya, nasa ya doshi kashi 30 lokacin da aka ɗauko shi daga gado. Shi ya sa dole masu rakiya su gaya wa likita lokacin da aka fitar da mutum da tsawon lokacin da ya yi yana shaƙar oksijin.

An ci gaba da ba su oksijin har lambar ta sauka alamomin suka tafi, aka duba bugun zuciya, aka gwada tafiyar mijin da tunaninsa. Akwai ɗakin oksijin mai matsi da ke rage lokacin zubar da rabin gubar zuwa ƙasa da rabin awa, kuma ana duba yiwuwar kai mutum can idan ya suma, ko lambarsa ta haura 25, ko zuciya ta nuna alama, ko mace na da juna biyu, domin jinin ɗan tayi ya fi riƙe gubar. Mijin bai suma ba, ya kuma dawo hayyacinsa sarai cikin sa'o'i, aka sallame su washegari. An ja musu kunne cewa matsalar ƙwaƙwalwa na iya ɓullowa bayan mutum ya ga ya warke, daga kwana 2 har zuwa 40: mantuwa, sauyin hali, ko tafiya ba daidai ba. Duk wanda ya ga haka ya koma asibiti.

Abin da aka tarar a ɗakin

Mai gyaran bututun hayaƙi ya zo bayan kwana biyu. Ba abu ɗaya ne ya lalace ba.

Bututun hayaƙi ba shi da inji, zafi ne ke tuƙa shi. Hayaƙi mai zafi ya fi iskar waje rashin nauyi, sai ya tashi, tashinsa kuma ya jawo sabuwar iska cikin murhu. Gwargwadon zafin hayaƙin da tsawon bututun, gwargwadon ƙarfin zuƙar. A kan tsauni zuƙar ta riga ta yi rauni saboda iskar ba ta da kauri, don haka bututun da ya wadatar a kwari yakan gaza a sama. Na wannan ɗaki bai kai mita huɗu ba, alhali mita huɗu da rabi ake ɗauka a matsayin mafi ƙaranci ko a ƙasa, rabinsa kuma yana waje cikin sanyi ba rufi.

Ɗanyen itace na iya ɗaukar ruwa har rabin nauyinsa, na ƙonawa kuwa bai kamata ya wuce kashi 20 ba. Zafin da ya kamata ya ɗumama bututu sai ya ƙare a busar da gungumen. Da aka rufe maɓallin iska harshen wuta ya mutu, ya rage garwashi mai cin itace a hankali, kuma a wannan hali ne murhu ya fi fitar da kabon monoksaid. Wuta mai harshe da wadatar iska tana ƙone mafi yawansa ya zama kabon dayoksaid. Garwashin da aka shaƙe ba ya iyawa. Ga shi an juya faifan bututu, an ƙara toshe wa hayaƙin da ya riga ya huce hanyar fita.

A saman bututun, ragar da ke hana tsuntsaye shiga ta toshe fiye da rabi da kunkunniya da wani baƙin danƙo mai kama da kwalta. Danƙon nan yana taruwa ne idan hayaƙi ya huce ƙasa da kimanin digiri 120, kuma shaida ce cewa baƙi da yawa kafin waɗannan sun sha shaƙe wutar da dare. Shi ne kuma ke kamawa ya zama gobarar bututu. An fi shekara ba a share bututun ba. Igiyar da ke like bakin ƙofar murhun ta cinye a kusurwa ɗaya: da aka sa takarda aka rufe ƙofar a kanta, sai ta zaro ba tare da turjiya ba.

Sai fanka. Ƙaramar fankar banɗaki na iya fitar da lita 15 na iska a kowace daƙiƙa, kuma duk abin da ta fitar dole wani ya shigo ya maye gurbinsa. Kafar bangon nan da aka danne da matashi domin haka aka yi ta, ita ke ciyar da murhu da ɗaki. Da aka toshe ta aka toshe ƙasan ƙofa, babbar hanyar da ta rage wa iska ta shigo ita ce bututun hayaƙin. Fankar ta rinjayi zuƙar da ta riga ta yi rauni, hayaƙi ya juyo ƙasa, ya fito ta maɓallin iska da kusurwar ƙofar da ba ta like ba. Kabon monoksaid kusan nauyinsa ɗaya da iska, ba ya taruwa a ƙasa ko a sama kaɗai, yana gauraye ɗakin ne baki ɗaya. Masu barcin kuma, duk da barcin, numfashinsu ya fi na kwari sauri saboda tsayi, suna shaƙar gubar fiye da yadda za su yi a kwari, a jinin da tun farko oksijin ɗinsa ya ragu.

A rufin ɗakin akwai na'urar ƙararrawa, amma ta hayaƙi ce, ba ta jin kabon monoksaid. Ta kabon monoksaid guda ɗaya ce a tsohon sashen, a korido, bayan ƙofar da aka cusa wa tawul, kuma ranar ƙarewar aikinta da ke rubuce a bayanta ta wuce. Abin da ke jin gubar a cikin irin wannan na'ura yana mutuwa bayan shekara 5 zuwa 10, ko da batirin na da rai fitilar na ƙiftawa. Na'ura mai aiki da ta cika ma'aunin Turai mai lamba EN 50291 za ta yi ƙara cikin minti 60 zuwa 90 idan gubar ta kai kashi 50 cikin miliyan, cikin minti 10 zuwa 40 a kashi 100 cikin miliyan, kafin minti 3 a kashi 300 cikin miliyan. Da tana cikin ɗakin, da ta tashe su tun suna iya tashi da ƙafafunsu, wataƙila ma tun barcin la'asar.

Yayan matar

Shi nasa ciwon tsayi ne na gaskiya, mai sauƙi, maki 4. Gangarowar da ya yi tare da su zuwa asibiti ta warkar da shi kafin rana ta yi, domin saukar mita 300 zuwa 1,000 ta isa ta kawo sauƙi. Ko da ya zauna a sama yana hutawa, da ya saki cikin kwana ɗaya zuwa uku. Da sun kwana ɗaya a hanya a wajen mita 1,500 zuwa 2,000, mai yiwuwa da bai same shi ba. Wanda ya taɓa yin ciwon kuma dole ya hau da sauri, likita kan rubuta masa asetazolamaid, miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana guda kafin hawa. Ƙarfin jiki da motsa jini ba sa kare mutum daga ciwon nan. Alamomin da ba a jira da su su ne haki alhali mutum na zaune, tari mai kaki da kumfa, tangaɗi, da ruɗewa: a sauko nan take, ko da dare ne. Mai ciwon sikila, da mai ciwon zuciya ko huhu, da mai juna biyu, su ga likita kafin su kama ɗaki a irin wannan tsayi. Ko wanda ke ɗauke da rabin sikila kawai, saifarsa na iya samun matsala a sama.

Nauyin wa, kuma me aka gyara

A ganinmu nauyin ya fi karkata ga masaukin, nesa ba kusa ba. Hannun baƙo ne ya toshe kafar iska, amma baƙon da bai taɓa riƙe murhun ƙarfe ba ba shi da hanyar sanin amfanin kafar. Wanda ya sa wuta a ɗakin kwana ya ba baƙo makulli, a kansa yake ya tabbatar cewa kuskuren da kowane mai jin sanyi zai yi ba zai zama ajali ba. Bayanin minti biyar a daren farko, da na'ura mai rai a bango, da sun wadatar.

Mai masaukin ta rufe ɗakin. Aka share bututun, aka ƙara masa tsawo da mita ɗaya na bututu mai bango biyu da ke riƙe zafi, aka sauya igiyar ƙofa, aka cire faifan bututun kwata-kwata. Aka jawo wa murhun iska kai tsaye daga waje ta bututunsa na kansa, yadda ba ya dogara da iskar ɗaki. Aka raba fanka da makunnin fitila, aka sa mata agogon da ke kashe ta bayan minti 15. Aka kafa na'urar kabon monoksaid a cikin ɗakin, tsakanin mita ɗaya zuwa uku daga murhun, a bango sama da tsayin ƙofa, kimanin santimita 15 ƙasa da rufi. Tulin ɗanyen itace ya koma inda baƙi ba sa kaiwa. Yanzu ƙa'idar gidan ita ce a bar wuta ta ci da harshe ta cinye kafin a kwanta, ɗumin dare kuma ya fito daga ƙarin barguna da robar ruwan zafi. Share bututu ya koma sau biyu a shekara, kafin sanyi da tsakiyarsa.

Mai shirin zuwa irin wannan masauki ya tambayi abu uku tun kafin ya kama ɗaki: tsayin wurin da mita, abin da ake ɗumama ɗakin da shi, da ko akwai na'urar kabon monoksaid a cikin ɗakin kwanan kansa. Da isarsa ya juya na'urar ya karanta ranar ƙarewarta, ya danna maɓallin gwaji. Akwai ƙanana masu batir da ke shiga aljihun jaka, ana ajiye su kusa da kan gado. Haɗarin bai tsaya ga murhun itace ba: hita mai gas ko kananzir, tukunyar ruwan wanka mai gas a banɗaki, kaskon gawayi, da janareto kusa da taga duk abu ɗaya suke fitarwa.

Kafin a sake buɗe ɗakin an gwada shi a mafi munin yanayi: ƙofa da taga a rufe, fanka a kunne, wuta na ci ƙasa-ƙasa. Mai gyaran ya bi bakin ƙofar murhu da mahaɗan bututu da abu mai fitar da siririn hayaƙi, yana duba ko ana zuƙe hayaƙin ciki ko ana turo shi waje, na'urar aunawa kuma na ajiye a kan matashi har awa uku ba ta motsa daga sifili ba. Da aka duba ɗaya ɗakin murhun, an tarar da ragarsa da igiyar ƙofarsa a hali iri ɗaya, shi ma aka rufe shi sai da aka yi masa wannan gyara.